Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Ko Ɗan Jarida, Ko Kakaki

Wani yaro ya aiko mini da saƙon murya ina tsakiyar gabatar da shiri. Ya gama difloma a aikin jarida, iyayensa suna Gadarif, shi kuma yana zaune a Omdurman wajen kawunsa. Ya ce, "Ustaz, in nemi aiki a jarida ne, ko in shiga hulɗa da jama'a?" Sannan ya ƙara da cewa wani babba a sana'ar ya riga ya warware masa matsalar: wai ya haɗa biyun. Da safe ya rubuta wa kamfani takardar sanarwa, da yamma ya kai ta jarida a matsayin labari. Kamfani ya ba shi kuɗi, jarida ta ba shi katin shaida. Wai haka kowa yake yi.

Minti biyu kacal na samu na amsa masa a rediyo, kuma minti biyu ba sa isa a rushe ginin da aka yi shekaru ana yi. Ga cikakkiyar amsar. Shi nake wa, har da babban da ya ba shi shawarar, wanda na san irinsa sarai, domin ni ma na taɓa bin hanyar.

Amsata ita ce: zaɓi ɗaya. Aikin hulɗa da jama'a sana'a ce ta halal. Asibiti yana bukatar wanda zai sanar da ranar rigakafi, jami'a tana bukatar wanda zai bayyana sharuɗɗan ɗaukar ɗalibai, kamfani yana da haƙƙin ya faɗi nasa ɓangaren idan an zarge shi. Wanda ya zauna a ofis da allo a ƙofarsa an rubuta "Jami'in Hulɗa da Jama'a" bai cuci kowa ba, don duk wanda ya karanta takardarsa ya san bakin wa yake ari. Cutar tana farawa ne ranar da aka ɗauki wannan takarda aka cire mata tambari, aka ɗora mata sunan ɗan rahoto, aka sayar wa mai karatu ita a matsayin abin da ido ya gani. Wannan algus ne, irin na mai zuba wa nono ruwa. Ruwa ba haram ba ne, nono ma ba haram ba ne. Ha'incin yana wajen sayarwa.

Na fara aiki a wata ƙaramar jarida ta Khartum ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kuma kamar kowane sabon shiga, ni ake turawa maɗaba'a da dare in raka shafukan ƙarshe. A Mantiƙa Sinaiya na koyi mene ne jarida. Da rana unguwar ta makanikai ce da masu walda da ma'aikatan masana'antu. Idan dare ya raba, sai ƙarar injin buga jarida da warin tawada, da mai shayi a bakin titi wadda ta san kowane mai gyaran rubutu da yawan sukarinsa. Kafin asuba an ɗaure damman jaridu, wasu su nufi shagunan Suƙ Arabi, wasu su tsallaka gada zuwa Omdurman da Bahri, wasu a kai su tashar Mina Barri su kama motar Madani da Gadarif da Kasala. Duk wanda ya ga wannan wahala ba zai ƙara raina kuɗin jarida ba.

A can kuma na ga yadda ake karya jarida ba tare da an rufe ta ba. Jami'an tsaro na zamanin Umar al-Bashir sun gano cewa hana labari fita kafin a buga shi bai kai zafin barin a buga ba. Sai su jira a gama komai, an ƙone takarda da tawada da wutar lantarki, sannan su zo da mota su kwashe bugun ranar gaba ɗaya, galibi ba tare da sun faɗi dalili ba. Ranar 16 ga Fabrairu, 2015, jaridu 14 aka kwashe a dare ɗaya. Ka tuna kuma takardar bugawa daga waje ake shigo da ita da dala, a ƙasar da ta rasa kusan kashi uku cikin huɗu na man feturinta tun da Kudu ta ɓalle a Yulin 2011. Mai jarida ya yi asara sau biyu ko uku, sai ya fara jinkirta albashi. Ɗan rahoto ya yi wata biyu babu albashi, sai ambulan ya fara yi masa kyau. Ga kuma talla, wadda mafi tsokarta tana hannun ma'aikatun gwamnati da bankuna da manyan kamfanoni, su ba wanda suka so, su hana wanda ya cika tambaya. Ruwa ba ya tsami banza. Yunwar ɗan jarida a ƙasar nan shuka ta aka yi, kuma waɗanda suka shuka ta sun san abin da za su girba.

Na faɗi wannan ne don kada a ce ban san halin da ake ciki ba. Na sani, har na faɗa ramin.

Wani manajan masana'anta a Mantiƙa Sinaiya ya ga rubutuna ya ce ya burge shi. Ya nemi in riƙa shirya musu 'yar takarda duk wata: sun kawo sabon inji, sun raba kayan azumi, sun ɗauki nauyin gasar ƙwallo. Abin da yake ba ni a takarda ɗaya ya fi rabin albashina. Daga baya ya ce tunda ina aiki a jarida, me zai hana in saka ta a shafin tattalin arziki? Na saka, da sunana a sama. Edita ya gani ya kau da kai, domin masana'antar tana ba mu talla. Na gaya wa kaina cewa ban yi ƙarya ba: injin gaskiya ne, kayan azumin gaskiya ne.

Bayan wasu watanni wani dattijo ya zo ofishinmu, Bahaushe daga unguwar Ingaz, da ɗansa a bayansa, hannun yaron naɗe da bandeji. Ya ce, "Ɗana, an ce kai namu ne, kuma kana rubutu a jarida." Injin nan da na yaba ne ya cinye wa yaron yatsu uku. An sallame shi daga aiki ba diyya, domin tun farko ba a rubuta shi cikin ma'aikata ba, ɗan jinga ne na kullum. Dattijon bai nemi kuɗi a wurina ba. So yake a rubuta. Na ce, "Baba, zan duba." Ban duba ba. Babu jami'in tsaron da ya kira ni, babu editan da ya hana ni. Ni na hana kaina, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Manajan bai taɓa cewa in yi shiru ba, kuma ba ya bukatar ya ce. Da ya sayi alƙalamina ya haɗa da shiruna, ni ne ban lura ba lokacin ciniki.

Wannan shi ne abin da masu cewa "haɗa biyun" ba sa gaya wa yara. Suna lissafa abin da za ka rubuta a biya ka. Ba sa lissafa abin da ba za ka ƙara iya rubutawa ba. Mai karatu kuma ba zai taɓa sani ba, domin labarin da ba a buga ba ba ya barin gurbi a shafi.

Akwai gwaji mai sauƙi da nake ba duk wanda ya ce sana'o'in biyu ɗaya ne tunda duk rubutu ne. Ka tambayi kanka: wa yake da ikon ya ce a cire wannan sakin layi? Idan wanda ake magana a kansa ne yake da ikon, kai kakaki ne, ko da katin jarida goma ne a wuyanka. Idan edita ne, bisa dalilin cewa ba ka tabbatar ba ko ba ka ji ɗaya ɓangaren ba, kai ɗan jarida ne. Kakaki yana farawa daga amsa, ya nemo mata kalmomi masu daɗi. Ɗan rahoto yana farawa daga tambaya, kuma bai san inda za ta kai shi ba. Nahawunsu ɗaya, kwamfutarsu ɗaya, amma ubangidansu daban.

Na san hujjojin da za a kawo mini, don na sha jin su a wajen mai shayi.

Ta farko: yunwa. "Kai ka samu rediyo, shi ya sa kake wa'azi." To, ban ce kowa ya zauna da yunwa ba. Idan jarida ba ta ciyar da kai, ka bar ta da rana tsaka, ka shiga ofishin hulɗa da jama'a da sunanka da muƙaminka, ka yi aikin da kyau. Abokan karatuna da suka yi haka ina girmama su, kuma idan na kira su neman bayani na san da wa nake magana. Idan kuma jaridar ce a ranka, akwai hanyoyin cike giɓi da ba sa taɓa amanar mai karatu: fassara tsakanin Larabci da Hausa, koyarwa, gyaran rubutun littattafai. Sharaɗin ɗaya ne, kada ka karɓi kuɗi daga hannun wanda gobe za ka iya rubuta labari a kansa.

Ta biyu: "Kowa yana yi." Ba kowa ba. Mahjub Muhammad Salih ya kafa jaridar Al-Ayyam a 1953 tare da Bashir Muhammad Sa'id da Mahjub Usman. Ya ga mulkin soja na Abbud da na Numairi da na Bashir, ya ga an ƙwace jarida an rufe jarida, kuma ya rasu a 2024 da sunan da ya fara da shi, ɗan jarida. A 2005 ƙungiyar jaridu ta duniya ta ba shi lambarta ta 'yancin aikin jarida. A Agustan 2022 ɗaruruwan 'yan jarida suka jefa ƙuri'a a Khartum suka zaɓi Abdulmun'im Abu Idris shugaban ƙungiyarsu mai zaman kanta, karo na farko tun da aka rushe ta bayan juyin mulkin 1989. Halima Idris Salim tana bakin aikin ɗaukar rahoto a titin Omdurman a Oktoban 2023 motar dakarun RSF ta take ta har lahira. Wanda ya ce kowa yana cin ambulan yana zagin waɗannan mutane ne don ya wanke kansa.

Ta uku ta fi sauran nauyi, kuma masu ilimi ne suke kawo ta. Suna cewa jarida a ƙasashenmu tun asali a cinyar masu iko aka haife ta. Hadarat al-Sudan da ta fara fitowa a 1919 ta koma hannun manyan shugabannin addini uku, Sayyid Ali al-Mirghani da Sayyid Abdurrahman al-Mahdi da Sharif Yusuf al-Hindi. Rediyon Omdurman Turawan Ingila ne suka buɗe shi a 1940 don yaɗa labarin yaƙi ta fuskarsu. Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, jaridar hukuma ce. Duk wannan haka yake. Amma mai karatun Gaskiya ya san ta hukuma ce, mai sauraron Omdurman ya san na gwamnati ne, don haka kowa ya san gwargwadon gishirin da zai zuba. Jarida mai ubangida a bayyane ba ita nake yaƙa ba. Abin da nake yaƙa shi ne ubangidan ɓoye, wanda ya laɓe a bayan sunan ɗan rahoto. Jaridu da yawa suna da shafin da aka biya, a rubuta a samansa cewa talla ce. Wannan 'yar kalmar ita ce katanga tsakanin ciniki da yaudara, kuma ita ce masu ambulan suke biya a cire.

Kada a ɗauka abin ya tsaya ga sabulu da kayan azumi. A Mayun 2019 majalisar sojin riƙon ƙwarya ta ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 6 da wani kamfanin Kanada mai suna Dickens & Madson, Muhammad Hamdan Dagalo ne ya sa hannu, kuma cikin aikin har da gyara sunan majalisar a idon duniya. Makonni kaɗan bayan haka, ranar 3 ga Yuni, aka afka wa masu zaman dirshan a gaban hedikwatar soja. Mai iko ya san darajar rubutu fiye da yadda marubuta suka sani. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, injunan buga jarida a Khartum suka tsaya, fili ya koma Facebook da WhatsApp, inda kowane ɓangare yake da marubutansa, kowannensu yana kiran kansa ɗan jarida. Mutumin da ke neman sanin ko hanyar Madani a buɗe take, ko akwai burodi a unguwar kaza, ko ɗan'uwansa yana raye, ya rasa wanda zai yarda da shi. Wannan rashin yarda ba yaƙi ne ya haife shi ba. Mu muka rene shi shekara da shekaru, ambulan bayan ambulan.

Yanzu bari in juyo gida, domin wanzami ba ya son jarfa, amma dole a yi masa.

Mu Hausawan Sudan mun daɗe a ƙasar nan. Kakanninmu sun bi hanyar hajji, wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, har garin da ya zauna a bakin Shuɗin Nilu yake amsa sunansa. Mun yi noma a Jazira da Gadarif, mun yi su a kogi, mun cika kasuwanni da masana'antu. Amma 'yan rahoto nawa muka haifa? Masu rubuta sanarwa kam muna da su. Kowace ƙungiya tana da sakataren yaɗa labarai, kowane biki yana da mai jawabin godiya. A 2008 wata jaridar Khartum ta buga wata magana da aka danganta wa Bashir, wadda ta taɓa kasancewarmu 'yan ƙasa. Fadarsa ta musanta, amma mutanenmu sun riga sun fita titi a garuruwan gabas. A ranar muka gane cewa layi biyu a jarida suna iya girgiza gari. Darasin da ya kamata mu ɗauka shi ne mu tura yaranmu ɗakunan labarai. Muka ɗauki wani daban: mu ƙara yawan masu mayar da martani.

Sai Yulin 2022 ya zo. Rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu, a Rusairis da kewaye, bayan taƙaddama kan neman a ba Hausawa masarauta cikin tsarin sarautun gargajiya. Cikin kwanaki aka kashe mutum sama da 100, dubbai suka bar gidajensu, zanga-zanga ta kai Kasala da Port Sudan da Khartum. A Oktoba abin ya dawo a Wad al-Mahi, aka rasa rayuka sama da 200. Wannan wuta ba a rana ɗaya ta kama ba. An yi watanni ana zafafan kalamai, ana gardama kan gona da iko. Da akwai ɗan rahoto mazaunin Damazin mai jin Hausa da Larabci, wanda yake zuwa wajen sarakunan kowane ɓangare ya ji ta bakinsu, ya karanta dokar ƙasa da ta sarauta ya bayyana wa jama'a, da ƙila Khartum ta farka kafin a fara ƙirga gawa. Aikin jaridar gida ke nan. Ba shi da ƙyalli, amma shi ne yake ganin hayaƙi kafin harshen wuta.

A waɗancan kwanaki wata ƙungiya daga cikin namu ta aiko mini da sanarwa in karanta a shiri. Adadin mamatan da ke ciki ya ninka duk abin da na iya tabbatarwa, kuma hoton da aka haɗo da ita na taɓa ganinsa a labarin wata ƙasa. Na ce zan faɗi cewa ƙungiyar ta ce kaza, in kuma faɗi abin da asibiti da hukuma suka ce, hoton kuwa ba zan yaɗa ba. Wani dattijo da nake jin nauyinsa ya kira ni. Ya ce, "Kai ɗan wa ne? Ana kashe 'yan'uwanka kana maganar tabbatarwa?" Na ce, "Kawu, gaskiyar da aka yi mana ta isa ta sa dutse kuka. Idan muka ƙara mata ƙarya guda, gobe za a kama ƙaryar a jefar da gaskiyar tare da ita." Bai gamsu ba, har yau gaisuwarmu ba ta koma kamar da ba. Amma abin da ya nema a wurina shi ne abin da manajan nan ya saya a wurina, sai dai shi da zumunci zai biya maimakon kuɗi. Al'umma ma tana iya zama ubangidan ɓoye. Jama'ar da ba ta da sai maroƙa, ranar da ta zo da kuka na gaskiya za a ɗauka kirari ne.

'Yan'uwanmu na Kano da Kaduna da Maraɗi da za su karanta wannan, kada ku ce matsalar Sudan ce. Abin da ake kira zarfi a nan shi ne "kuɗin mota" ko "na goro" a can, wanda ake rabawa bayan taron manema labarai. Kun san ɗan rahoton da ke ɗauke da rikoda da safe, da dare kuma shi ne mai rubuta wa ɗan majalisa jawabi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: gidajen jarida da rediyo da ke ɗaukar yaro su ba shi kati ba albashi, su ce "katin ya ishe ka", su ne suka fara tura shi bara. Mai karatu da ke son labari na gaskiya amma yana ƙyashin biyan kuɗinsa shi ma yana da nasa kason.

To ƙanena na Omdurman, ga abin da zan gaya maka. Khartum za ta sake ginuwa da yardar Allah, kuma za a sake bukatar masu rubutu, ko a takarda ko a waya. Ƙungiyoyin agaji za su nemi jami'an yaɗa labarai, albashinsu ya fi na jarida nesa ba kusa ba. Idan ka zaɓi can, ka je da kai a ɗage, kada ka yi ƙarya a takardarka, kada kuma ka ba ɗan rahoto ambulan don ya ɗauke ta. Idan ka zaɓi jarida, ka fara daga unguwarku. Ka koyi karanta kasafin ƙaramar hukuma, ka san ƙofar kotu da ta asibiti, ka san wa ya karɓi kwangilar gyaran famfo da ranar da ya ce zai gama. Ka riƙe littafin lambobin waya kamar jari. Ka ci abincinka kafin ka je taro. Idan wata rana ka gaji ka so sauya sheƙa, ka sauya a fili, ka ajiye katin jarida a teburin edita kafin ka fita.

Dattijon nan na Ingaz ban sake ganinsa ba. Na nemi gidan bayan shekaru, aka ce sun koma Sinnar. Labarin ɗansa, wanda ya kamata ya fito a shafi na uku da sunan masana'anta da martanin manajanta, yau ne ya fara fitowa, a makare, babu suna, lokacin da ba zai amfane shi da komai ba. Kafin ka karɓi ambulan na farko, ka tuna cewa wani dattijo yana nan tafe, zai tsaya a gaban teburinka ya ce, "Ɗana, an ce kai namu ne."